Bindiga da Miyagun Ƙwayoyi a Gaban Kotunan Amurka

Gabatarwa

A ƙasashe da dama fataucin miyagun ƙwayoyi babban laifi ne, amma hukuncinsa yakan ƙara nauyi idan makami ya shigo cikin zancen. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da wannan fatauci, wadda aka ƙulla a birnin Biyana a 1988, ta nemi ƙasashe su ɗauki amfani da makami a matsayin abin da ke ƙara girman laifin. Nijar da Nijeriya da Gana da Kamaru da Cadi duk suna cikin yarjejeniyar, sai dai kowace ƙasa da yadda ta tsara dokarta. Wannan takarda ta tsaya ne a kan dokar tarayyar Amurka, saboda dalili biyu. Na farko, a can an ƙididdige shekarun ɗauri an rubuta su cikin doka, har ɗalibi yana iya yin lissafin da kansa. Na biyu, wanda ya fi shafar mai nazarin harshe, alƙalan Kotun Ƙolin ƙasar sun yi shekara 14, daga 1993 zuwa 2007, suna jayayya a kan ma'anar wasu kalmomi na yau da kullum, alhali shekarun da mutane za su yi a gidan kaso sun rataya a kan wannan jayayya.

Abin da doka ta tanada

Dokar ƙwayoyi ta tarayya da sikeli take auna laifi. Wanda aka samu da laifin fataucin hodar iblis giram 500, ko hiroyin giram 100, ko tabar wiwi kilo 100, mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara 5 ne. Idan hodar ta kai kilo 5, ko hiroyin kilo 1, ko wiwi kilo 1,000, sai ya koma shekara 10. Abin nufi da mafi ƙaranci shi ne alƙali ba shi da ikon saukowa ƙasa da wannan adadi, ko da tausayi ya kama shi, sai ta wasu ƴan ƙofofi da doka ta bari.

Maganar bindiga tana wani sashe dabam, mai lamba 924(c) a kundi na 18 na dokokin tarayya. An kafa shi a 1968, shekarar da aka harbe Martin Luther King da Sanata Robert Kennedy, kuma a 1986 aka shigar da fataucin ƙwayoyi cikin laifuffukan da ya shafa. Wanda ya haɗa bindiga da wannan fatauci, za a ƙara masa aƙalla shekara 5. In ya nuna ta don ya tsoratar da wani, shekara 7. In ya harba, shekara 10, ko da bai sami kowa ba. Idan kuwa bindigar mai aman harsasai ce ba tsayawa, ko an ɗaura mata na'urar kashe ƙara, ƙarin shekara 30 ne.

Ba a haɗa wannan ɗauri da na ƙwayar a yi su lokaci ɗaya. Sai an gama ɗaya a shiga ɗaya. Ke nan mutumin da aka kama da hodar iblis giram 500 da ƙaramar bindiga a ƙugu, shekara 10 ce ke jiransa, in an yi masa da sauƙi. Kuma tun daga Nuwamban 1987 tarayya ta soke tsarin sakin fursuna bisa sharaɗi kafin wa'adinsa ya cika. Abin da kyakkyawan hali zai rage masa bai wuce kwana 54 a kowace shekara ba.

Akwai wata ƙofar sassauci da aka buɗe a 1994 domin ƙananan masu laifi, wadda ta ba alƙali damar saukowa ƙasa da mafi ƙarancin hukuncin ƙwaya. Ɗaya daga cikin sharuɗɗanta shi ne kada a ce mutum ya riƙe bindiga dangane da laifin. Ashe bindigar duka biyu take yi: ta ƙara shekaru, ta kuma rufe ƙofar ragi. Ba ta da harsashi a ciki, ko kuma ta halal aka saye ta, duk wannan ba ya kuɓutar da mai ita, ko da yake tsarin mulkin ƙasar ya ba ɗan ƙasa ƴancin mallakar makami.

Jayayya a kan kalmomi

Kafin 1998, sashen ya yi magana ne a kan wanda ya "yi amfani da" bindiga ko ya "ɗauke" ta a lokacin aikata laifin kuma dangane da shi. Kalmomin Ingilishin da aka fassara haka, ko ƙaramin yaro ya san su. Amma da aka je kotu sai suka zama ƙarfen ƙafa.

Shari'ar farko ita ce ta Smith, a 1993. Wannan mutum ya yi wa wani ɗan sandan ciki tayi a jihar Fulorida cewa zai ba shi bindiga samfurin MAC-10 mai na'urar kashe ƙara, shi kuma ya ba shi hodar iblis. Bai auna kowa ba, bai yi wa kowa barazana ba. Bindigar haja ce kawai a cinikin. Shin ya yi amfani da ita? Alƙalai 6 cikin 9 suka ce i, domin wanda ya yi musaya da abu ai ya amfana da shi. Wannan ya tabbatar masa da ɗaurin shekara 30. Mai shari'a Antonin Scalia bai yarda ba. Hujjarsa ita ce idan aka ce an yi amfani da kayan aiki, ana nufin aikin da aka ƙera shi dominsa, ya kuma kawo misalin sanda: in an tambayi mutum ko yana amfani da sanda, ana son a ji ko yana dogarawa da ita ne wajen tafiya, ba ko ya kafa ta a zaure don ado ba. Mai jin Hausa zai fi karkata ga Scalia. Idan aka ce ɓarayi sun yi amfani da bindiga, babu wanda zai kawo wa ransa cewa sayar da ita suka yi.

Bayan shekara 2 sai ga shari'ar Bailey. Ƴan sanda sun tsayar da motarsa a birnin Washinton, suka sami hodar iblis giram 30 a cikin motar, sa'an nan a but suka sami kuɗi da bindiga da harsashi a ciki. Masu gabatar da ƙara suka ce ajiye bindiga kusa da haja don kariya shi ma amfani ne. A Disamban 1995 alƙalan duka 9 suka ƙi wannan fassara. Suka ce amfani yana bukatar aiki a zahiri: a harba, ko a nuna, ko a buga wa wani, ko a ambace ta don a tsoratar. Ajiya dai ajiya ce. A wannan shekarar ce kuma wani malamin shari'a, Clark Cunningham, da sanannen masanin ilimin harsuna Charles Fillmore suka wallafa nazari musamman a kan yadda masu harshen ke sarrafa wannan kalma idan an haɗa ta da bindiga.

Da waccan ƙofa ta rufe, sai masu gabatar da ƙara suka koma ga kalma ta biyu. Muscarello ya kai wiwi wurin ciniki a motarsa, bindigarsa kuwa tana kulle a ɗan akwatin nan na gaban mota. Yana ɗauke da ita ko kuwa? A Yunin 1998 kotu ta rabu 5 da 4. Mai shari'a Stephen Breyer, wanda ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, ya buɗe ƙamusoshi, ya duba tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Ingilishi da littattafan adabi, har ya sa aka binciko dubban jimloli daga jaridu, don ya nuna cewa asalin kalmar ya haɗa da kai abu wani wuri a cikin abin hawa. Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ta ce a'a, idan ana zancen makami kalmar tana nufin yana jikin mutum, a shirye. Kuma in doka ta ɗauki ma'ana biyu, kamata ya yi a zaɓi wadda ta fi sauƙi ga wanda ake tuhuma.

A nan ya kamata ɗalibi ya lura da cewa Hausa ta rarrabe abin da Ingilishi ya cure wuri ɗaya. Ana cewa mutum yana riƙe da bindiga, ko yana rataye da ita, ko yana saɓe da ita, ko ya soke ta a ƙugu. Duk waɗannan a jiki suke. Amma "ɗauke da" ya fi su faɗi, tun da ana cewa mota tana ɗauke da kaya, direba kuma ya ɗauko kaya daga Maraɗi ko da bai taɓa su da hannunsa ba. Mai fassara da ya zaɓi "riƙe" ya bi Ginsburg ke nan ba da saninsa ba, wanda ya zaɓi "ɗauke da" kuma ya bi Breyer.

A Nuwamban 1998 majalisar dokoki ta shiga tsakani. Ta ƙara laifi na uku, wato kasancewa da bindiga domin ciyar da fataucin gaba. Wannan ya toshe giɓin da shari'ar Bailey ta buɗe, kuma a kansa ake gina yawancin tuhume-tuhume tun daga lokacin. Kotuna sukan duba wace irin bindiga ce, ko akwai harsashi a ciki, ko ta sata ce, ko tana inda hannu zai kai gare ta da sauri, da kuma kusancinta da ƙwayar ko kuɗin cinikin. Bindigar farauta da ke kulle a wani ɗaki ba harsashi, ba ɗaya take da ƙaramar bindiga da aka ɗana aka ajiye kusa da sikeli ba.

Kalmar "mallaka" da aka saba fassara wannan laifi da ita tana iya ɓatar da mai karatu. A Hausa wanda ya mallaki abu, nasa ne. Doka kuwa ba ta tambayar wa ya saya. Abin da take nema shi ne mutum ya san da bindigar, yana kuma da iko da niyyar sarrafa ta. Saboda haka bindigar aro, ko ta aboki da ke ƙarƙashin kujerar mota, tana iya zama ta wanda ake tuhuma a idon doka, har mutum biyu suna iya haɗa iko a kan bindiga ɗaya. Amma zama kusa da ita kawai bai isa hujja ba.

Tsohuwar kalmar ta sake dawowa a 2007, a shari'ar Watson, wanda ya ba da ƙwayoyin OxyContin 24 ya karɓi bindiga. Wato Smith ne aka juya. Kotu ta ce wannan bai yi amfani da bindiga ba. Manomin da ya ba Bafulatana gero ya karɓi nono, da geronsa ya yi amfani wajen cinikin, ba da nonon ba. Sai dai nasarar ba ta yi nisa ba, domin kotunan ɗaukaka ƙara da yawa sun ce irin wannan mutum ana iya kama shi da laifin nan na uku.

Wanda kuma abokin cinikinsa ne ya zo da bindigar, a 2014, a shari'ar Rosemond, kotu ta ce ba za a ɗauke shi mai taimakawa ba sai in ya san da ita tun da wuri, lokacin da yake da damar janye jiki.

Shekara 55

Sashen ya tanadi shekara 25 ga wanda aka samu da laifin a karo na biyu. Mai karatu zai zaci ana nufin wanda ya yi ɗauri ya fito ya sake. Amma a 1993 Kotun Ƙoli ta fassara shi da cewa ko a zama ɗaya aka sami mutum da laifin sau biyu, na biyun maimaici ne. Abin da wannan fassara ta haifar ya fito fili a shari'ar Weldon Angelos, wani matashi mai shirya waƙoƙi a jihar Yuta.

A 2002 Angelos ya sayar wa wani mai kai wa ƴan sanda rahoto tabar wiwi sau 3, kowane ciniki na dala 350. Mai rahoton ya ce ya ga bindiga tare da shi a biyu daga ciki, daga baya kuma aka sami wasu bindigogi a gidansa. Bai nuna wa kowa ba, bai harba ba. Masu gabatar da ƙara suka yi masa tayi: ya amsa laifi, su nemi a ɗaure shi shekara 15. Ya ƙi. Sai suka ƙara tuhume-tuhume, aka same shi da laifin bindiga sau 3: shekara 5, da 25, da 25. A Nuwamban 2004 alƙali Paul Cassell ya yanke masa shekara 55 a kan bindigogin, da kwana 1 tak a kan duk sauran laifuffukan. Cassell, wanda Shugaba George W. Bush ya naɗa kuma ba a san shi da sassauci ba, ya rubuta a cikin hukuncin cewa wannan zalunci ne kuma ya saɓa wa hankali, ya nuna cewa mai fashin jirgin sama ma ba zai sami haka ba, ya kuma roƙi shugaban ƙasa ya rage. An saki Angelos a 2016, Shugaba Trump ya yi masa afuwa a Disamban 2020.

A Disamban 2018 aka gyara dokar. Yanzu shekara 25 ba ta hawa kan mutum sai in an riga an yanke masa hukuncin irin wannan laifi a baya, hukuncin kuma ya tabbata. Da a yau aka yi shari'ar Angelos, lissafin zai zama 5 sau 3, wato 15. Gyaran bai buɗe wa duk waɗanda aka ɗaure kafinsa ƙofa kai tsaye ba.

Labarin ya nuna inda ƙarfi yake. Mai gabatar da ƙara ne ke zaɓen tuhumar da zai shigar, tuhumar kuma ita ke ɗaure hannun alƙali. Shi ya sa mafi yawan shari'u ba sa kaiwa ga sauraron shaidu. A 2012 Kotun Ƙoli da kanta ta ce kashi 97 cikin 100 na hukunce-hukuncen tarayya daga amsa laifi suke fitowa.

Haƙƙin wanda aka kama

A irin wannan shari'a shaida ita ce ƙwayar da bindigar, don haka tambayar farko da lauya ke yi ita ce yadda ƴan sanda suka same su. Gyara na 4 na tsarin mulki, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana bincike ba bisa dalili ba. Gida ba a shigarsa sai da takardar izini daga alƙali, in ba a halin gaggawa ba. Abin da aka samo ta haramtacciyar hanya ana iya hana gabatar da shi, a kotunan tarayya tun 1914, a na jihohi tun 1961. In an cire bindigar daga shaida, sau da yawa tuhumar ta rushe ke nan. Mota ba ta da kariya irin ta gida: tun 1925 an yarda a bincike ta ba takarda, muddin akwai ƙwaƙƙwaran dalili. Amma a 2015 kotu ta ce ba a tsawaita tsayar da direba don kawai a jira karen da ke sunsuno ƙwaya. Babban ramin da mutane ke faɗawa shi ne yarda. Ɗan sanda ya ce ko zai iya duba but, mutum ya ce to. Daga nan ba sauran ƙorafi. Yana da ikon ya ƙi, kuma ba dole ba ne a gaya masa haka.

Haƙƙi na biyu shi ne yin shiru. Tun shari'ar Miranda ta 1966, wajibi ne a shaida wa wanda ke tsare, kafin a yi masa tambayoyi, cewa yana iya yin shiru, abin da ya faɗa zai iya zama hujja a kansa, kuma yana da haƙƙin lauya. Abin mamaki, shirun kansa sai an furta shi. A 2010 kotu ta karɓi maganar wani da ya yi kusan awa 3 bai ce wani abin kirki ba sa'an nan ya amsa tambaya, domin bai taɓa faɗa a fili cewa ya zaɓi yin shiru ba. Akwai kuma togaciya da ta shafi bindiga kai tsaye: tun 1984, idan rayuwar jama'a na cikin haɗari, ɗan sanda yana iya tambayar inda bindigar take kafin ya karanta gargaɗin, amsar kuma karɓaɓɓiya ce.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, hukuma za ta ba shi. Beli kuwa da wuya, domin dokar 1984 ta sa alƙali ya fara da zaton cewa mai irin wannan tuhuma haɗari ne, sai shi ya kawo abin da zai kawar da zaton. Idan aka je sauraron shaidu, mutum 12 ne daga cikin jama'a za su yanke ko ya yi laifin, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya. Tun 2013 su ne kuma, ba alƙali ba, za su tabbatar ko an nuna bindigar ko an harba ta, tun da wannan ne ke ɗaga 5 zuwa 7 ko 10.

Dokar 1978 ta wajabta wa kotunan tarayya samar da tafinta ga wanda Ingilishinsa bai kai ba. Jarrabawar tantance tafintoci da kotunan ke shiryawa ta Sifaniyanci ce. Tafintan Hausa ana ɗaukarsa ne bisa wasu takardu ko ƙwarewar da ya nuna. Nauyin da ke kansa ba ƙarami ba ne. Idan wanda ake tuhuma ya ce "bindigar tana wurina", wannan jimla tana iya nufin ajiya aka ba shi, tana iya nufin tana jikinsa, tana iya nufin tana gidansa. Tafinta ba shi da ikon zaɓar masa ɗaya. Abin da ya kamace shi shi ne ya sanar da kotu cewa maganar tana da fuska fiye da ɗaya, a sake tambaya.

Bayan hukunci

Ɗauri ba shi ne ƙarshen lamarin ba. Hukuma tana ƙwace bindigar da kuɗin cinikin, har da mota ko gidan da aka yi amfani da su. Wanda aka ɗaure kan babban laifi ya rasa ikon riƙe bindiga ko harsashi, in kuma aka same shi da su, hukuncin yana iya kaiwa shekara 15 tun gyaran 2022. Dokar 1968 ta hana har mai shan ƙwaya, ba mai sayarwa kaɗai ba, riƙe bindiga. Da wannan sashe aka sami Hunter Biden, ɗan shugaban ƙasa na lokacin, da laifi a Yunin 2024, kafin mahaifinsa ya yi masa afuwa a Disamba.

Ga baƙo, ciki har da Hausawan Nijar da Gana da Nijeriya mazauna Niyok da sauran birane, akwai ƙari. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba shi haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa cewa an tsare shi. Amma fataucin ƙwaya yana cikin laifuffukan da ke sa a tasa ƙeyar mutum gida bayan ya gama ɗauri, ko da yana da takardar zama ta dindindin. Haka ta taso wa Jose Padilla, ɗan asalin Honduras, direban babbar mota da ya yi fiye da shekara 40 a Amurka bisa ƙa'ida, har ya yi mata aikin soja a yaƙin Biyetnam. An kama shi da wiwi a jihar Kentaki, ya ce lauyansa ya gaya masa kada ya damu da batun kora tun da ya daɗe a ƙasar, sai ya amsa laifi. A 2010 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wajibi ne lauya ya gaya wa baƙo, kafin ya amsa laifi, cewa amsawar za ta iya jawo masa kora daga ƙasar.